Yadda ake koya ma yaran firamare Ibrananci, don malaman Islamiyya su ɗauki dabara

Ni malamin Larabci ne a wata Islamiyya nan Gusau, kuma abin da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya shi ne yaro ya shekara huɗu hannunmu, yana karanta baƙi da wasali tsaf, amma ka ce mai "ina littafinka" da Larabci sai ya tsaya yana kallonka. Wanga ne ya sa na shiga bin diddigin yadda Yahudawa ke koya ma ɗiyansu Ibrananci a makarantunsu na Amurka da Ingila, inda yaro Turanci yake ji a gida amma makaranta ta raba mai wuni, wani ɓangare boko wani ɓangare yare da addini. Matsalarsu irin tamu ce sak, ga shi kuma Ibrananci da Larabci dangi ne na kusa.

Abu na farko, ba da allo ake farawa ba, da kunne da baki ake farawa. Suna ce ma tsarin "Ivrit be-Ivrit", wato ka koyar da Ibrananci da Ibrananci, kuma tsohon tsari ne don Eliezer Ben-Yehuda, mutumin da ya yi fafutukar maido da yaren bakin mutane, da shi ya koyar a birnin Ƙudus tun ƙarshen ƙarni na 19. Malama za ta shigo aji ta ce shalom, ta ce boker tov wato barka da safiya, ta ɗaga hannu ta ce yad, ta taɓa kai ta ce rosh, ta nuna hoton gida ta ce bayit, ta ɗauko kofin ruwa ta ce mayim, ba fassara ko ɗaya. In ta ce kum ta miƙe sai yaro ya miƙe, in ta ce shev ya zauna. Malam ka lura, yad, ra'as, baiti, ƙum, ai duk namu ne. Sati biyu ko ukku ana wanga da waƙa da wasa kafin a nuna baƙi guda, don ranar da yaro zai karanta bayit ya zama ya riga ya san gida ake nufi. Nan ne mu munka yi sake wallahi.

Sannan a zo babbaƙu. Baƙaƙen su 22 ne, daga dama zuwa hagu ake rubutawa kamar namu, jerinsu ma alef bet gimel dalet, he vav zayin, wato abajada hawaza ɗin nan da munka sani. Kada ka zuba ma yaro su duka, biyu ko ukku a sati sun isa, ya zana da yatsa cikin rairayi, ya murɗa da laka, ya nemo shi cikin kati. Akwai wata tsohuwar al'ada ta Yahudawan Turai, ranar da yaro ya fara karatu sai a shafa zuma bisa baƙaƙen allonsa ya lasa, don ya haɗa karatu da daɗi. Abin ya burge ni ƙwarai, mu kuwa sau da yawa dorina ce ke tarbar yaro.

Inda yara ke tuntuɓe shi ne baƙaƙe masu kama da juna, dalet da resh, bet da kaf, he da het. To kada ka koyar da su sati guda, bari ɗaya ya zauna daram sannan ka kawo ɗan'uwansa ka jera su gefe da gefe, ka sa ma kowane laƙabi yadda malamanmu na zaure sunka yi da su ha kuri da nun guda. Guda biyar kuma na canza kama in sun zo ƙarshen kalma, kaf, mem, nun, pe da tsadi, waɗannan a bar su sai daga baya.

Farfaru nasu ɗige-ɗige ne da 'yan layuka, mafi yawa ƙarƙashin baƙi, nikud ake ce masu, malaman garin Tabariyya ne sunka daidaita su fiye da shekara 1000 da ta wuce. Ka fara da sautin "a" kaɗai, wato alamomin patah da kamats, ya riƙa furta "ba", "ga", "da", har yaro ya haɗa abba wato baba, kalmar da ya riga ya sani, ka ga murna ranar. Daga nan "i", daga nan sauran. Akwai kuma ɗigo guda da ke zama cikin baƙi ya canza shi, bet mai ɗigo b ce, in babu ta koma v, haka pe ke komawa f. Kullum minti goma na karatu da murya ya fi awa guda ranar Lahadi. Rubutun hannu nasu daban yake da na ɗab'i, shi ma sai na ɗab'in ya zauna.

In sun kai aji ukku ko huɗu sai a buɗe masu sirrin tushen kalma, baƙaƙe ukku, katav ya rubuta, mikhtav wasiƙa, kamar kataba da maktub, ka zana itace a allo tushe ƙasa kalmomi bisa rassa, su da kansu za su riƙa kawo maka sabbi.

Makarantunsu da yawa na shirya 'yar walima in 'yan aji ɗaya sun iya karatu, a kira iyaye a miƙa ma kowane yaro littafin addu'arsa na farko, sidur. Ni dai zangon nan na gwada da 'yan ajina, sati ukku ba allo sai ƙum, ijlis, hati kitabaka, kuma na riga na gaya ma hedimasta ƙarshen zango za mu kira iyaye, ko da dabino da kunun aya ne, kowane yaro ya tashi ya yi jimla biyar da Larabci gaban babansa.