Babi na 6: Yadda Za a Gyara wa Yara Filin Wasa a Gida

Wannan babi na iyayen da ke da ɗan fili ne a tsakar gida ko a ƙofar gida, inda yara maza suke buga ƙwallo da langa, 'yan mata kuma suke 'yar gala-gala da tsallen igiya. Aikin ba ya bukatar siminti ko kuɗi mai yawa. Abin da za ku tanada shi ne tsintsiya, manjagara, fatanya, tsohon gwangwani, igiya, toka, da yashi kamar baro 2 ko 3. Ku karanta a hankali, kuma wanda layi ya shige masa duhu ya sake karantawa, domin babu wanda ake tsere da shi a wannan aji.

Darasi na 1: Zaɓen wuri da aunawa

Ku tsaya a tsakiyar filin ku duba gabas da yamma, kudu da arewa. Abubuwa 4 ne ba a son su kusa da wurin wasa: rijiya, murhu, kwata, da wayar lantarki da ta yi ƙasa. Idan rijiyar tana cikin gidan kuma babu yadda za a kauce mata, dole a yi mata murfi mai nauyi wanda yaro ba zai iya ɗagawa ba, domin ƙwallo kan faɗa ciki, yaro kuma ya leƙa don ya ga inda ta shiga. Igiyar shanya a kwance ta, ko a ɗaga ta sama da kan babban mutum, saboda yaro mai gudu ba ya ganinta sai ta kama masa wuya.

Da taki za mu auna. Taki shi ne tazarar da ke tsakanin ƙafarku ta baya da ta gaba idan kuna tafiya irin ta kullum, ba tare da buɗa ƙafa sosai ba. Ku auna taki 12 a tsawo, taki 8 a faɗi. Wanda filinsa bai kai haka ba ya yi amfani da abin da Allah ya hore masa, amma ya bar taki 2 tsakanin bakin fili da katanga, domin yaro ya samu inda zai ci birki kafin ya kai ga bango.

Darasi na 2: Tsince ƙasa

Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne, kuma a nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Da yawa sukan ɗauki tsintsiya su yi shara, su ga wuri ya yi fes, sai su ce an gama. Shara daban, tsinta daban. Tsintsiya tana kwashe abin da ke sama ne kawai, ita kuwa ƙusa da fasasshiyar kwalba da guntun langa-langa da tsohuwar reza a cikin ƙasa suke kwance, sai tafin ƙafar yaro ya tono su.

Ga yadda za ku yi. Da farko ku yi shara. Bayan shara ku ja manjagara daga wannan gefe zuwa wancan, layi bayan layi, yadda haƙoranta za su shiga ƙasa kamar tsawon ɗan yatsa. Bayan manjagara ku tsuguna ku tsince da hannu, kuna zubawa a gwangwani, kuma ku sa takalmi a ƙafa, a hannu kuma safa ko tsumma mai kauri. Wanda ya samu maganaɗisu, irin wanda ake cirowa daga tsohuwar sifika a wurin masu gyaran rediyo, ya ɗaura masa igiya ya ja shi a kan ƙasa, zai sha mamakin ƙusoshin da za su manne masa. Sai dai maganaɗisu ƙarfe kawai yake kamawa, ba ya kama kwalba, ba ya kama ƙaya, saboda haka bai ɗauke muku tsugunawa ba.

Mu sake faɗa tare: shara, manjagara, tsinta da hannu. Guda 3 ne, kuma na ukun shi ne wanda ake gudu. Idan bayanku ya gaji ku huta, gobe ku ci gaba daga inda kuka tsaya, hakan ba gazawa ba ce. Tsidau da ƙarangiya a tuge su tun daga saiwa da fatanya, a kai su nesa, domin idan aka sare su aka bari a wurin, ƙayarsu tana nan.

Dalilin wannan naci shi ne ciwon sarƙewar haƙora, wanda wasu ke kira tsinkau-tsinkau. Ƙwayar cutar tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma tana shiga jiki ta rauni, musamman huda mai zurfi irin ta ƙusa. Gidan da ake ɗaure awaki a tsakar gida ya fi bukatar kula, don haka a raba turken dabbobi da filin wasa. Ku duba katin rigakafin yaranku, ku nemi inda aka rubuta Penta. A Najeriya ana yi wa jariri wannan allura sau 3, yana da sati 6, da sati 10, da sati 14, kuma kariya daga wannan ciwo tana cikinta. Wanda bai gane rubutun katin ba ya zo da shi aji mu karanta tare.

Haba iyaye, kada a ce an tsince sau ɗaya shi ke nan. Ruwan sama yana wanke ƙasa ya fito da abin da ke binne, yara kuma suna shigowa da tarkace daga waje. Bayan kowane ruwa a sake tsinta. Kafin kowane wasa a jera yaran kafaɗa da kafaɗa, da takalmansu, su taka filin a hankali daga wannan bakin zuwa wancan suna duba ƙasa, wanda ya ga abu ya nuna wa babba. Mutum ya samu lokacin zaman majalisa har dare amma ya rasa minti 5 na duba inda ɗansa zai taka, wannan sakaci ne, kuma kuɗin asibiti ya fi ƙarfin wahalar tsugunawa.

Sai bayan an gama tsinta za a cike ramuka da ƙasa, a daddaɓe, a baza yashi sama-sama. Yashin ma a tace shi ko a tsince shi kafin a baza, domin shi ma yakan zo da kwalba.

Darasi na 3: Layi da raga

Ku ɗaura igiya a turaku 2, ku ja ta ta miƙe, ku bi gefenta kuna zuba toka mai sanyi. Da an gama a cire turakun, kada a bar su a ƙasa. Ragar manyan 'yan wasa faɗinta mita 7.32 ne, amma ta yara taki 3 ta isa. Kada a sa duwatsu ko bulo a matsayin raga. A kafa gora ko sanda marar tsini, a binne gindinta sosai, a girgiza a tabbatar ba za ta faɗo ba idan yaro ya yi lilo da ita. Wanda zai yi amfani da tsohuwar taya ya huda ta, don kada ruwa ya kwanta ciki sauro ya hayayyafa. Kuma a ɗaga ta a duba kafin wasa saboda kunama.

Darasi na 4: Lokaci da ruwan sha

A watannin Maris, Afrilu da Mayu kada a bar yara su yi gudu da tsakar rana, a bari sai bayan la'asar. A ajiye musu ruwan sha a inuwa. Da hunturu a yayyafa wa filin ruwa kaɗan don ƙura ta kwanta.

Darasi na 5: Idan an ji ciwo

A wanke rauni da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko man birki. Idan ƙusa ce ta huda, ko yaro ya bugu a kai yana amai, a kai shi asibiti a ranar.

Darasi na 6: Raba wasa

Ƙanana su fara, manya su biyo baya, kuma 'yan mata su samu nasu lokaci. A zana musu gidajen 'yar gala-gala a gefe guda da sauran tokar. Wanda ya tsinto ƙusa a gwangwaninsa ya zo da ita aji ranar darasi na gaba.