Yadda na gyara garmahon Baba da muryarsa ta dishe

Alhamdu lillahi, garmahon da na gada wajen Baba ya dawo hayyacinsa. Kafin nan sai da aka yi mako biyu waƙa na fita a dishe kamar mai mura, allura kuma sai tsallake layi take yi.

Na zargi lasifika, na sauya wayoyi, na goge faifan. Duk a banza. Sai da na haska tocilan na duba bakin allurar da madubin ƙara girma: ashe ƙurar hunturu da zare-zare ne suka dunƙule a kai, tsinin ma ba ya ganuwa.

Na kashe na'urar, na maƙale hannun da ke riƙe da allurar a mazauninsa. Na ɗauki ƙaramin buroshi mai laushi, busasshe, na share bakin allurar a hankali daga baya zuwa gaba, yadda faifai ke wucewa ƙarƙashinta, sau biyar. Ban da gefe-gefe, don sandar da ke ɗauke da tsinin siririya ce, yanzu ta lanƙwashe. Sifirit kuwa ban sa ba, yana iya narkar da gam ɗin da ke riƙe da tsinin lu'ulu'un.

Na kuma auna nauyin da allurar ke danna faifai, na tarar ya yi kaɗan, na mayar da shi giram 2 kamar yadda takardar allurar ta ce. Yanzu kafin kowane faifai sai na share allurar, in na gama in rufe murfin.