Yadda ake duba rufin gida kafin a saya, ko kafin damina ta faɗi

A watan Fabrairu babu gidan da yake yoyo a Kano. Dillali zai buɗe maka ƙofa, ka ga tayil yana sheƙi, fenti yana ƙamshi, silin fari fat, ka ce alhamdulillahi ka biya. Sai Agusta ta zo, a kwana uku ana ruwa, ka tsinci kanka ƙarfe biyun dare kai da uwargida kuna jan katifa kuna jera robobi da tukwane a tsakar ɗaki. Ni na yi wannan jeren robobin a gidan farko da na saya, shi ya sa yanzu ko haya zan kama sai na leƙa cikin silin. An ce ba a cinikin biri a sama, to rufi kuwa a sama yake, kuma da yawanmu haka muke biyan kuɗinsa ba mu gan shi ba.

Kayan aikin ba su da yawa: tsani mai ƙwari, tocila mai haske sosai, sukudireba, waya mai kyamara, takalmi mai ƙasan roba, da takunkumin hanci. Ka tafi da kafintan da kai ka nemo kuma kai za ka sallama. Wanda mai gida ko dillali ya kawo, ko mutumin kirki ne, kunya za ta hana shi kushe hajar wanda ya kira shi. Ku je da sassafe, domin da rana ta ɗaga kwano ba ya taɓuwa, cikin silin kuma ya zama tanda. Idan cinikin ya faɗo cikin damina, ka yi sa'a: ka sa ranar zuwa ta zama washegarin ruwa mai ƙarfi, ko ma ka je ana tsaka da yinsa.

Da farko, tsaya daga nesa

Kada ka yi saurin shiga. Tsallaka titi ka tsaya inda za ka ga rufin gaba ɗaya. Dubi layin ƙololuwarsa, inda ɓangarorin biyu suka haɗu. Ya kamata ya miƙe sak. In ka ga ya lotsa a tsakiya kamar bayan tsohon jaki, katakon da ke ƙarƙashi ya gaji, ko dai gara ta ci shi ko kuma tun asali an yi tsimin katako. Dubi launin kwanon: falle biyu ko uku sababbi a tsakiyar tsofaffi suna nuna an taɓa yin gyara, sai ka riƙe wurin a ranka don ka tambaya. Bulo ko duwatsu ko tsohuwar taya a kan rufi kuwa ba sa buƙatar bayani. Iska ta taɓa ɗaga shi, aka danne.

Kafin ka shiga, ka ɗan zauna wajen mai shayi ko mai kanti na layin. Gaisuwa da tambaya ɗaya, "Baba, iskar bara ta yi ɓarna a nan layin kuwa?", takan fito maka da labarin da dillali ba zai taɓa ba ka ba.

Na biyu, zaga ɗakuna kana kallon sama

Kowane ɗaki, har kicin da banɗaki da sito. Abin nema shi ne tabon ruwa mai kalar shayi, wanda gefensa ya fi tsakiyarsa duhu, da silin da ya yi ciki ya sauko, da fentin da ya kumbura a saman bango. Ka fi sa ido a kusurwoyi da kewayen fanka da ƙwan fitila. Hanci ma yana aiki: ɗakin da ya daɗe yana shan ruwa yana da wani warin damshi da turaren wuta ba ya kore shi.

A nan mutane suke rikita abu biyu. Damshin da ya taso daga ƙasan bango, fenti yana ɓarewa daga daɓe zuwa kamar ƙugu, daga ƙasa yake, ba ruwan rufi da shi. Wanda ya gangaro daga sama shi ne na rufi.

Sabon fenti a silin ɗaki ɗaya kaɗai, alhali sauran ɗakuna suna da tsohon fenti, abin tambaya ne. Haska shi da tocila a karkace, kusa da silin ɗin, sau da yawa zanen tsohon tabon yakan bayyana a ƙarƙashi. Silin roba na PVC ya fi kowanne iya ɓoye laifi, domin ba ya tabo. Ruwa zai taru a kansa ya bi ta gefe ya shige bango, kai kana ƙasa kana yaba kyansa. Idan kuma tsohon gida ne mai silin asbestos, kada ka fasa, kada ka kankare, kada ka bari a yanka shi a gabanka. Ƙurarsa tana lalata huhu, har takan jawo sankara bayan shekaru masu yawa.

Na uku, shiga cikin silin

Wannan shi ne aikin. Duk sauran matakan in ka ga dama ka yi su a gurguje, ban da wannan. Akasarin gidaje suna da 'yar ƙofar shiga silin a baranda ko a banɗaki. In babu, ka nemi izini a cire falle ɗaya a mayar, kuɗin a wuyanka. Mai gidan da ya ƙi yarda da wannan ya riga ya gaya maka wani abu.

A kashe wutar gidan daga babban makunni tukuna, domin wayoyi a can suke kwance, wasu ɓera ya gwaigwaye su. Taku a kan katako kawai ake yi. Wanda ya taka silin kansa sai dai a ɗauke shi a falo.

Da ka shiga, kashe tocilar ka tsaya minti ɗaya idonka ya saba da duhu. Duk inda ka ga haske yana shigowa kamar tauraro, ƙofar ruwa ce. Tsohon kwanon da aka cire daga wani gini aka sake bugawa a nan yake tonuwa, za ka ga ramukan tsohuwar ƙusa a jere suna walƙiya. Ɗauki hoto, sannan ka kunna tocila ka koma kan katako.

Soka sukudireba a jikin katakon, musamman inda ya hau kan bango da inda biyu suka haɗu. Lafiyayyen katako zai ƙi shiga. Wanda gara ta ci zai nutse kamar ka soki burodi, wani ma in ka ƙwanƙwasa sai ka ji shi fanko, domin gara daga ciki take ci ta bar maka fata. Bi bango da ido ka nemi hanyarta, siririn zanen jar ƙasa da ke hawowa daga ƙasa. Garin katako mai laushi da ya zuba a kan silin kuma aikin ƙwaron katako ne. Kafintocinmu sukan shafe katako da baƙin mai ko maganin gara kafin su ɗora, sai ka duba ko an shafa har ƙarshen da aka yanka, domin ta nan ake barin kafa.

Katakon da ruwa ya saba bi yakan yi baƙin zane a tsaye. Bi zanen zuwa sama. Inda ruwa yake ɗiga a ɗaki da wuya ya zama nan ya shigo. Yakan shiga ta ƙusa ɗaya, ya bi katako tafiyar taku uku ko huɗu, sannan ya sauka. Shi ya sa za ka ga an liƙe wuri sau uku yoyo bai daina ba.

Abu na ƙarshe a ciki, wanda kusan kowa yake mantawa, shi ne ɗaurin rufi. Iskar farkon damina, ta wajen Mayu da Yuni, ba ta tura rufi ƙasa, tsotso shi take yi sama. Idan katakon ajiye shi kawai aka yi a kan bulo aka ɗan toshe da siminti, ranar da guguwa ta zo za a tsinci rufin a gidan maƙwabta. Nemi rodi ko langalanga da ya fito daga cikin linta ko kankaren saman bango ya naɗe katakon, a wurare da yawa a kowane bango. In ba ka ga ɗauri ba, sa shi a sahun farko na abin da za a gyara.

Na huɗu, hawa sama

In ba ka saba ba, bar wa kafinta, ka ba shi wayarka ya ɗauko maka bidiyo. Wanda zai hau ya taka kan layin ƙusa, inda katako yake a ƙasa, kuma ya lura da wayar lantarki da ta ratsa kusa. Jiƙaƙƙen kwano ba a hawa.

A duba ƙusoshi. Zafin rana yana buɗa kwano, sanyin dare ya tsuke shi, shekara da shekaru, har ƙusa ta ɗago kai. Ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta. Wadda aka buga a cikin kwarin, inda ruwa yake gudu, yoyo ce da ranta. Tsatsa iri biyu ce: wadda ta tsaya a fuska ana iya gogewa a yi fenti, wadda kuma ta ci har yatsa yana hudawa sai canji. Takan fara ne a haɗin falle da falle, inda ƙurar hunturu take maƙalewa ta riƙe danshi. Idan alminiyon ne, a tambayi kaurinsa. A kasuwa za ka ji ana cewa 0.45 ko 0.55, wato na milimita, kuma mai sirantaka ƙwarai yakan yage a bakin ƙusa idan iska ta yi ta kaɗa shi. A duba ƙafafun faifan sola da na dish da na tankin ruwa, domin kowace ƙafa huda ce. Tanki mai lita 1,000 idan ya cika nauyinsa tan guda ne, kada ka yarda da shi a kan katako.

Na biyar, hanyar ruwa

Yanzu an fi yayin rufin da ake ɓoyewa a bayan rawani, wato bangon da ake ɗagawa ya zarce rufin, daga waje ba ka ganin kwano sam. Yana da kyan gani, kuma yana kare rufi daga iska, amma duk ruwan yana taruwa ne a kwata ɗaya ta kankare ko ta kwano a jikin bango. Ka yi lissafi: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita guda ne. Rufi mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, ya karɓi lita 5,000, jarka 200 ke nan ta mai ruwa. Duk wannan ta bututu biyu ko uku zai fita. Ledar fiyawota ɗaya da ganyen darbejiya sun isa su toshe bututu, kwata ta cika ta tumbatsa cikin silin. Duba faɗin bututun, duba ko kwatar tana da gangare zuwa bakinsa, duba tsaga a inda kwano ya shiga bango.

Gidan dakin kuwa, wato mai rufin kankare, nemi inda ruwa yake kwanciya. Ko da rani za ka gane wurin da da'irar busasshen laka. Daga ƙasa, idan ka ga siminti ya ɓantare rodi ya fito da tsatsa, maganar ta wuce ta kafinta. Rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankaren da ya rufe shi. Nemo injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya duba kafin ka ba da ko sisi.

Ginin ƙasa mai rufin azara, irin na cikin birnin Kano da Zariya da Katsina, nasa dubawar daban ce. Azara, wato itacen giginya, gara ba ta cika damunta ba, amma ƙarshenta da ke cikin bango yakan ruɓe idan ruwa ya daɗe yana shiga. Dubi ko rufin ya yi ciki, dubi bakin indararo, domin daga nan bango yake fara zaizayewa, sannan ka tambayi yaushe rabon a yi yaɓe. Wasu kowace shekara ƙara ƙasa suke yi a kan ta bara har nauyi ya fi ƙarfin azarar. A irin wannan, tsohon magini na unguwa ya fi kowa ido.

Na shida, gwada da ruwa

Idan rani ne kuma akwai wurin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, sayi ruwa kura ɗaya. Mutum ɗaya a sama yana zubawa, ɗaya a cikin silin da tocila. A fara daga ƙasan gangaren a riƙa hawa a hankali, ana ba kowane wuri 'yan mintoci. In aka fara daga sama, ruwan zai jiƙa ko'ina, ba za a gane ta inda ya shiga ba. A tuna dai ruwan bokiti ba ya zuwa da iska, don haka akwai yoyon da sai ruwa mai kaɗawa yake tona shi.

Na bakwai, rubuta ka koma teburin ciniki

Kasa abin da ka gani kashi uku: na gaggawa, kamar ɗauri da katakon da gara ta cinye, na kafin damina, kamar ƙusoshi da kwata, da wanda zai iya jira, kamar fenti. Kafinta ya rubuta maka kayan da ake buƙata, falle nawa, katakon tubaifo nawa, na tubaitiri nawa, ƙusa kilo nawa, kai kuma ka je 'yan katako ka ji farashin ranar da kunnenka. Ka samu kafinta na biyu ya yi nasa lissafin ba tare da ya ga na farko ba.

Da wannan takarda da hotuna za ka zauna da mai gida. Ba faɗa ba ne. "Alhaji, gida ya yi mini, amma ga abin da muka gani a sama." A shari'ar Musulunci ma wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, sai dai sau da yawa shi kansa bai taɓa leƙa silin ɗin ba. Ka nemi a rage kuɗin gyaran daga farashi ka gyara da kanka. Idan ka bar wa mai sayarwa gyara, wanda zai tashi gobe, kwalta da fenti za ka samu. Duk abin da kuka daidaita a kai, a sa shi cikin takardar ciniki a gaban shaidu.

Wanda ya riga ya mallaki gida, wannan zagayen sau biyu a shekara ya ishe shi. Na farko a Afrilu, bayan ƙurar hunturu ta gama sauka, a share kwata da bututu, a danne ƙusoshin da suka ɗago, a rage reshen bishiyar da ke gogar kwano. Na biyu a Oktoba, da ɗaukewar ruwa, tun tabon bana yana ɗanye. A tsakanin nan, duk daren da ka ji ɗis a ɗaki, ka tashi ka ɗauki alli ko gawayi ka zagaye wurin a silin ka rubuta kwanan wata, domin in rani ya yi, kai da kafinta duk ba za ku tuna daidai inda yake ba.