Kurakuran da aka fi yi wajen gwada kyawun hoton rikodar DVD

Har yanzu akwai gidajen Hausawa a Agege, Idi-Araba da Mile 12 da ke ajiye da kaset-kaset na biki, na suna da na tafsiri, kuma masu su na son mayar da su kan faifai kafin laimar Legas ta cinye su. Su ne ke zuwa kasuwar Alaba neman rikodar DVD tokumbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, ko Panasonic ko Sony ko Pioneer ko LG, amma da yawansu kan yi zaɓi bisa gwajin da bai taɓa abin da ya kai su kasuwar ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke hukunci da faifan da mai shago ya saka. Wannan faifai a kamfani aka buga shi, don haka abin da yake nunawa kawai shi ne na'urar tana iya karanta faifai. Ɗauka kuwa aiki ne dabam, domin a lokacin ne na'urar ke matse hoton da kanta bisa tsarin MPEG-2, kuma a nan ne wata ke fin wata. Gyaran shi ne mai saye ya tafi da faifan da ba komai a kansa da kuma kaset ɗinsa, a ɗauki 'yan mintuna a gabansa, sannan ya kalli abin da aka ɗauka.

Daga nan sai batun tsawon lokacin ɗauka, wanda ya fi kowanne rikita mutane. Faifan DVD na yau da kullum yana ɗaukar gigabait 4.7, kuma wannan wuri ba ya ƙaruwa ko awa nawa aka cusa masa. A matakin XP ko HQ, wato awa 1, hoton yana samun kusan megabit 10 a kowace daƙiƙa. A SP, awa 2, yana samun kusan 5. A awa 4 sai rabin haka. Wanda ya gwada wata na'ura a XP, ya gwada wata a LP, bai kwatanta komai ba. Sunayen ma ba abin dogaro ba ne, domin LP a Panasonic awa 4 ne, alhali a wasu na'urorin Sony na farko awa 3 ne. Saboda haka a daidaita yawan awanni, a ƙyale sunan. A ganina kuma gwaji a awa 1 ba shi da wani amfani sosai, tunda a wannan mataki kusan kowace na'ura mai lafiya tana yin kyau. A gwada a awa 2 da awa 4, inda mutum zai riƙa aiki a zahiri.

Akwai wata dabara a nan da ya kamata a sani. Cikakken hoton PAL, wato tsarin hoton talabijin da Najeriya ke bi, ɗigo 720 ne a kwance da 576 a tsaye, amma na'urori da yawa kan rage na kwancen zuwa 352 idan aka tsawaita ɗauka. Panasonic, daga samfuran 2005, ta bar shi a cike har a awa 4. Wannan na sa hoton ya fito tas muddin ba a motsi, amma da motsi ya yi yawa sai ya farfashe, saboda ɗigo sun yi yawa, wurin ajiya kuma ya yi kaɗan. Ga tsohon kaset, wanda dama can ba shi da wannan kaifi, hoton da aka rage yakan fi daɗin kallo. Idan kuma bikin awa 2 da rabi ne, babu dalilin sauka zuwa awa 4: matakin FR na Panasonic da MN na Pioneer suna daidaita ɗaukar da tsawon shirin.

Abin da ake gwajin da shi ma yana da muhimmanci. Malami a zaune yana karatu, kyamara a tsaye wuri ɗaya, kowace na'ura za ta fitar da shi da kyau. A nemi wurin da mata ke rawa sanye da leshi, ko inda mai kyamara ya juya da sauri cikin taro, ko shigar amarya da dare. A tsayar da hoton a matso kusa da allo, a duba aikin wuyan babbar riga: idan zaren ya narke ya koma 'yan murabba'ai, ko duhun bayan mutane ya yi dabbare-dabbare, na'urar ta gaza a wannan mataki.

Dole ne kuma waya da talabijin su zama iri ɗaya a gwaji biyun. Wayar nan mai kai rawaya tana haɗa haske da launi a layi guda, S-Video kuwa tana raba su, shi ya sa gefen abubuwa ke fin tsabta. Rubutun HDMI ko 1080p a fuskar na'ura kada ya ruɗi kowa, domin wannan na fitar da hoto ne zuwa talabijin, ba ya ƙara wa abin da aka ɗauka komai.

Wani lokaci laifin na kaset ne ko na bidiyon da ke juya shi. Idan saman hoto yana karkacewa, a fara goge kan bidiyon da ke karanta kaset a daidaita shi kafin a zargi rikoda, ko da yake Panasonic DMR-ES10 da ES15 sun yi suna wajen miƙe irin wannan karkacewa. Haka nan na'urar da aka yi wa kasuwar Amurka tsarin NTSC take bi da wuta volt 120, Najeriya kuwa PAL da 230, don haka takan ƙi karɓar hoton kaset ɗinmu, kuma tana iya ƙonewa idan aka jona ta kai tsaye.

Kafin a biya kuɗi, a sa na'urar ta rufe faifan da aka ɗauka, wato ta kammala shi yadda wasu na'urori za su iya karanta shi (finalize), a saka shi a wata DVD dabam. Tsohuwar rikoda da idonta ya raunana takan ɗauka lafiya amma ta kasa rufewa, kuma faifan DVD-R da ba a rufe ba yawancin na'urorin kallo ba sa karanta shi.