Yadda ɗalibin da maki ya kayar zai koma jami'a

A Amurka jami'o'i da dama suna yi wa ɗalibi afuwa: in ya yi 'yan shekaru a waje ya dawo, sai a cire tsofaffin makinsa daga lissafi. Kada ka sa rai da wannan a Bauchi ko Gombe. A yawancin jami'o'inmu, F ɗin da ka samu, wato makin faɗuwa, tana nan cikin lissafin CGPA, matsakaicin makinka na dukan zangunan da ka yi, ko da ka maimaita kwas ɗin ka ci A.

Fara da sanin matsayinka. Gargaɗi aka yi maka, ko sallamarka aka yi? Je wurin jami'in jarrabawa na sashenku ka duba sakamakonka kwas bayan kwas. Akan tarar F ɗin ba faɗuwa ba ce, makin gwaji ne ba a shigar ba, ko kwas ne da ka yi rajistarsa ka manta ba ka cire ba. Sifili ɗaya a kwas mai yunit 3 (yunit shi ne nauyin kwas a lissafi) yana jan lissafi ƙasa sosai. Duba kuma littafin dokokin ɗalibai, domin makin da ake gargaɗi a kansa ya bambanta: wata jami'ar ƙasa da 1.0, wata ƙasa da 1.5.

In gargaɗi ne, da sauranka. Fara rajistar kari-oba ɗinka, wato kwasa-kwasan da ka faɗi za ka maimaita, kada ka jibga wa kanka sababbin kwasa-kwasai don ka kamo abokai. Idan kuma kwas ɗin ne bai karɓe ka ba, nemi canjin sashe. Wanda lissafin injiniya ya gagara a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi yana iya yin fice a wani fannin, ba abin kunya ba ne.

Idan rashin lafiya ko rasuwa ce ta jawo, rubuta takardar koke ta hannun shugaban sashe, ka haɗa da shaidar asibiti, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Yi sauri, don majalisar jami'a na amincewa da sakamako, gyara ya yi wuya. Ga kuma wa'adi: digirin shekara 4 yawanci ba a wuce shekara 6 ana yinsa.

In an riga an sallame ka, hanya ita ce sabuwar shiga. Ko ka sake rubuta JAMB ka nemi Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere, ko ka yi difloma ko IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, ka shiga aji biyu kai tsaye. Mai aiki ko iyali ya duba jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiya a Bauchi da Gombe.

Ka gaya wa iyayenka da wuri, tun ba su biya kuɗin rajistar zangon da babu sunanka a ciki ba. Wanda kuma ya ce ka ba shi kuɗi ya gyara maka maki a kwamfuta, guje shi. Korar maguɗi ta fi ta faɗuwa muni nesa ba kusa ba.