Kafin ku ba da karen da kuka ceto

Jama'a, in kuna nema wa matashin kare mai ƙiriniya gida, kada ku tsaya tambayar mutum ko yana son karnuka. Kowa e zai ce. Ku damƙa masa igiyar, ku fita yawo tare na minti 30.

A nan gaskiya take fitowa. Karen zai ja, zai yi tsalle, zai bi duk abin da ya gifta. Wani zai tsaya har karen ya natsu. Wani tun minti 5 ya fara fizgar igiya yana tsaki.

Na taɓa ba wani mutum irin wannan kare ba tare da gwajin nan ba, don na ga gidansa da fili. Kwana 10 ya dawo min da shi, wai ya tauna takalma ya tone shuka. Har yau abin na damuna. Fili kaɗai ba ya gajiyar da irin wannan kare, sai ana fita da shi safe da yamma.

Amma dabarar ba ta aiki ga karen da tsoro bai sake shi ba. Lafewa yake yi, sai bayan makonni halinsa ya fito. Shi kam ku ba da shi gwaji na mako 3, da sharaɗin in bai yiwu ba a dawo muku da shi.