Ɗauko mutanen gari a sa su cikin labari: inda marubuta ke tuntuɓe

Babu marubucin da ke ƙera tauraro daga iska. Daga gwaggo ake ɗauko shi, ko mai shayin bakin tasha, ko malamin allo. A wajen ɗaukowar ake ɓata rawa da tsalle.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwaso mutum ɗungurungum, a sauya masa suna kawai. Ka rubuta dillalin shinkafa a kasuwar Jega, mai ɗingishi, mai mata uku, ta ukun Bazabarma. Kafin babi na biyu ya gama zagaya WhatsApp 'yan unguwa sun gane shi, magana ta kai zauren mai unguwa, wani lokaci har kotu kan ɓata suna. Abubuwa huɗu ke tona asiri: sana'a, gari, siffar jiki da tsarin iyali. Sauya aƙalla uku. Ka riƙe ɗabi'a ɗaya tak da ta ja hankalinka, misali yadda yake juya wa mutane baya idan zai ƙirga kuɗi, ya lashi yatsa, ya sake ƙirgawa. Sauran ka aro wajen mutum biyu daban: dariya daga wannan, rantsuwa daga wancan.

Sai harshe. Tsohon masunci na Argungu bai kamata ya buɗe baki ya zubo Kananci ba. Zai ce "mi kac ce?" da "wanga yaro" da "biyat". Wasu marubutan kuma sukan zarce, su cika kowane layi da karin harshe har mai karatu a Zariya ya gaji ya ajiye. Zaɓi alamomi uku ko huɗu, ka riƙe su a bakinsa har ƙarshe, bayanin marubuci kuwa ya tsaya a daidaitacciyar Hausa.

Wajen sana'a ake kama mai rubutu daga nesa. Bikin kamun kifi na Argungu yana gudana tun 1934, kuma mai shiga kogin Matan Fada ranar gasa homa (ragar kamun kifi ta hannu) da gora yake riƙewa, ba ƙugiya ba. Goran nan a kansa yake hawa ruwa, a cikinsa yake zuba kifi. Haka mai haƙar zinari a Anka: ba tsintarsa yake yi yana ƙyalli ba. Dutse ake fasawa, a niƙa, a wanke. Ƙurar niƙan cikin gidaje ce ta jawo gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010, don haka matar wannan tauraron tana da dalilin faɗa idan ya shigo da buhu tsakar gida. Zauna rabin yini da mai sana'ar, ka tambayi sunan kowane kayan aiki, da kuɗinsa, da inda ke yi masa ciwo idan ya kwanta.

Akwai kuma rubutun huce haushi. Kishiya ko uwar miji da ba ta taɓa yin daidai ba daga shafin farko zuwa na ƙarshe, mai karatu kan gane cewa da wata ake. Ka ba ta fitowa ko ɗaya da ita ce mai gaskiya. (Kuma "ai haka abin ya faru" ba hujja ba ce, a takarda sai an ga dalili.)

Labarin wanda ya fito daga hannun 'yan bindiga kuwa, nemi izininsa kafin ka taɓa alƙalami. Ko ya yarda, cire sunan ƙauyen, da adadin kuɗin fansa, da wanda ya kai su daji, domin mutanen da ya baro can su ma suna da waya.